Me Za Ka Sa wa Ɓera a Bakin Tarko?

 

Kowace shekara, idan ruwan Komadugu ya cika ya fara ja da baya, aka yanke shinkafa, aka soma tsinkar tattasai ana shanyawa, sai wani baƙo ya biyo buhuna zuwa gida. Ba ya sallama, ba ya kuma ban kwana. Wasu na ce masa ɓera, wasu na ce masa kusu. Daga Maine Sorowa zuwa Shetimari, daga garin Diffa zuwa Geskeru, babu mai rumbu ko mangaza da bai san aikinsa ba.

Mutane da yawa sun sayi tarko a kasuwa. Sun ɗana shi da ƴan ƙwayoyin hatsi, sun ajiye a tsakar ɗaki. Gari ya waye, tarko na nan yadda aka bar shi, buhu kuwa ya sami sabuwar ƙofa. Sai a ce tarkon banza ne, a tafi sayen guba. To, sau da yawa tarkon ba shi da laifi. Laifin yana ga abin da aka sa masa a baki. A kan wannan za mu yi magana yau, kuma za mu ɗauko darasin daga inda ba ka zata ba, wato gidan ajiye kayan tarihi.

Amma tukuna ɗauko alƙalaminka, tun da ka gama ajin yaƙi da jahilci, mu yi ɗan lissafi. Ƙaramin ɓeran gida yana cin kamar giram 3 a rana. Babban baƙin ɓera kuwa yana cin kamar giram 15. In kana da baƙaƙen ɓeraye 20 a mangaza, kullum giram 300 ke tafiya. A wata ɗaya kilo 9 ke nan. A shekara sun wuce kilo 100, wato buhu guda cur. Wannan fa abin da ya shiga cikinsu ne kawai. Wanda suka ɓata da kashi da fitsari da gashi, da wanda ya zube ta ƙofar da suka huda, ya fi wannan yawa.

Abin da masu gidan tarihi suka koya

A Yamai akwai babban gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, mai ɗauke da sunan Bubu Hama. Wanda ya je ya ga tufafin gargajiya na kabilun ƙasar nan, da kayan kiɗa, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, da itacen Tenere wanda mota ta kayar a 1973. A Damagaram ma akwai gidan tarihi, a Kano kuma akwai Gidan Makama. Irin waɗannan gidaje, ban da ɗakunan da baƙi suke shiga kallo, suna da ɗakunan ajiya da ke rufe. Abin da ke ciki kuwa fata ne, da ulu, da saƙi, da tabarmi, da ƙwarya, da takarda.

Ɓera ba sai ya ji yunwa yake ɓata irin waɗannan kaya ba. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro muddin ransa, don haka dole ya riƙa gurgurar abu mai tauri yana rage su. Macen kuma tana yayyaga tsumma da takarda ta yi wa ƴaƴanta shimfiɗa. Buhun shinkafa in ya ɓaci, baɗi a noma wani. Rigar da ta shekara 100 in ɓera ya yi sheƙa da ita, ta tafi ke nan.

Duk da haka, masanan adana kayan tarihi a ƙasashen duniya suna hana zuba guba a ɗakin ajiya. Dalilinsu shi ne, ɓeran da ya ci guba ba ya mutuwa a fili. Yakan shige rami ko bayan kaya ya mutu can. Gawarsa sai ta zama abincin wani ƙwaro, wanda kai ma ka san shi sarai: ƙwaron nan mai cin banda, mai tsutsa mai gashi, wanda masuntan Tafkin Cadi suke fama da shi. In ya gama da gawar ɓera, sai ya koma kan fata da ulu. An kashe ɓarawo ɗaya, an haifi ɗari.

Saboda haka tarko suke so, domin tarko yana nuna maka gawar, ka ɗauke ta. Sai dai abincin tarkon ma suna tsoronsa. Ɗakinsu babu abinci a ciki. In suka shigo da gyaɗa ko kifi da yawa suka bari, sun kira tururuwa da kyankyaso da ƙwari da hannunsu. Shi ya sa suke sa ɗan mitsitsi kawai, su duba tarko a kai a kai, su canja shi kafin ya lalace. Wani lokaci ma ba sa sa abinci ko kaɗan, sai su ɗaura ɗan ƙullin auduga, wato kaɗa, domin macen da ke neman shimfiɗa.

Ka ga mai gidan tarihi ba ya tambayar me ɓera ya fi so a duniya. Tambayarsa ita ce: a cikin wannan ɗakin, me ɓera yake nema bai samu ba? Rumbunka kishiyar ɗakinsa ne, domin naka cike yake da abinci, amma tambayar ɗaya ce. Wanda ke kwance a kan buhun hatsi, don me zai sa wuyansa a tarko saboda ƙwayar hatsi uku?

San ɓarawonka tukuna

Ɓeraye ba iri ɗaya ba ne, kuma halinsu ya bambanta.

Akwai ƙaramin ɓeran gida. Kashinsa kamar ƙwayar shinkafa ne, baƙi. Duk ramin da fensir zai shiga, shi ma zai iya kutsawa. Ba ya nisa da sheƙarsa, in akwai abinci kusa ƴan taku kaɗan yake yi. Yana da son bincike, sabon abu ba ya ba shi tsoro, don haka daren farko ake kama shi. Yana iya zama ba shan ruwa, ɗan danshin da ke cikin hatsi ya ishe shi.

Akwai baƙin ɓera, mai wutsiyar da ta fi jikinsa tsawo. Gwanin hawa ne, a rufin ɗaki da kan azara yake yawo. Ba ɗan ƙasa ba ne, jiragen ruwa da manyan motocin kaya suka yaɗa shi, shi ya sa aka fi ganinsa a kasuwa da tasha da manyan mangazu. Wannan mai wayo ne. Duk sabon abu da ya gani a hanyarsa, sai ya kauce masa kwana biyu ko uku. Kuma shi dole ne ya sha ruwa.

Sai na uku, wanda ya fi yawa a gidajen ƙauyuka: ɓera mai nonuwa da yawa. Juya macen ka ƙirga, za ka iya samun nono har 24. Cikinta sati uku ne da ƴan kwanaki, kuma takan haifi fiye da 10 a ciki ɗaya. Yana zama a gona, yana zama a gida. In gona ta ƙare ya shigo gari. In ruwa ya cinye raminsa, kamar yadda ambaliyar Komadugu ta yi a 2019 da 2022, sai ya hau tudu inda mutane suka hau. Tsofaffi suna tuna shekarun da ɓeraye suka yi wa ƙasashen Sahel yawa, a 1975 zuwa 1976, da kuma 1986 zuwa 1987. Duka biyun bayan fari ne, da damina mai kyau ta dawo, ciyawa ta yi yawa.

A lambu kuma akwai ɓeran ciyawa, mai yawo da rana tsaka a bakin hanyar ruwa. Gafiya kuwa ba ta tarkon ɓera ba ce, ta fi ƙarfinsa. Jaba, mai dogon baki da wari, ka ƙyale ta. Ba hatsi take ci ba, ƙwari take ci. Aiki take yi maka kyauta, ko da yake ba kowa ke son ganinta ba.

In ba ka san wanda ke shigar maka ba, barbaɗa toka mai laushi a gindin bango da yamma. Da safe sawu zai gaya maka girmansa da hanyarsa.

Tunkuza da daddawa

A ɗakin da ke cike da hatsi ko shinkafa ko masara, abin da babu shi ne maiƙo da ƙamshi. Nan tunkuza ta fi kome, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko gujiya kamar yadda wasunmu suke cewa. Tana da mai, tana da ƙamshi, kuma tana manne wa tarko. Ɓera ba zai iya ɗauke ta ya gudu ba, sai ya tsaya yana lasa, yana danna harshen tarkon. In gyaɗar soyayya ce ƙamshin ya fi tashi.

Hausawa sun ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ashe maganar har masu ilmi sun yi aiki da ita. Tsakanin 2009 da 2011, masu bincike daga Jami'ar Abdu Mumuni da cibiyar Agrhymet, tare da abokan aikinsu na Faransa, sun bi unguwannin Yamai suna kama ɓeraye don su san irinsu da cututtukan da suke ɗauke da su. Abin da suka sa a tarkunansu shi ne markaɗaɗɗiyar gyaɗa da aka cuɗa da daddawa. Kayan miyar uwargida ke nan, ba wani abu daga Turai ba. Sun tarar ɓera mai nonuwa da yawa shi ne ya cika gidaje, baƙin ɓera da ƙaramin ɓeran gida kuwa sun fi zama a kasuwanni da wuraren ajiyar kaya.

Ga yadda za ka yi. Ɗebi tunkuza cokali ɗaya, ka daka ɗan daddawa ka cuɗa. Wannan ya ishi tarko 10 har da saura. Kowane tarko a shafa masa kamar ƙwayar wake ɗaya, a danna ta cikin harshen sosai. Kada ka yi wa ɓera karamci. In ka tula da yawa, zai lashe gefe ya ƙoshi ya tafi, tarko bai tashi ba.

Ƙuli-ƙuli ma yana yi, amma shi busasshe ne, ɓera yakan sace shi. In da shi za ka yi, huda shi ka ɗaure da zare, ko ka jiƙa shi da ɗigon man gyaɗa ya yi laushi.

Banda tana kama baƙin ɓera ƙwarai, musamman kan kifi ko fatarsa, a ɗaure tam da zare ko siririyar waya. Amma tana da illa uku. Tana kiran kyanwa, kyanwa kuma ta sa hannu a tarko. Tana kama jaba wadda ba ta yi maka laifi ba. Tana kuma kawo ƙwaron da muka ambata. Don haka kada banda ta shiga ɗakin da ke da sirdi, ko buzu, ko bargon ulu, ko littattafai. A ɗakin da ake ajiye banda kuwa, sa kifi a tarko ɓata lokaci ne. Nan sai ka juya: ɗan guntun dabino, ko ƙullin fura, ko tunkuza.

Mangazar tattasai fa? Busasshen tattasai ba shi ne abincin da ɓera ya fi so ba, amma tulin buhuna wurin kwana ne mai ɗumi, ba mai motsa shi wata da watanni ana jiran kuɗi su tashi. Yana huda buhu, yana ɓarza ƴaƴan, yana fitsari a ciki, ɗan kasuwa kuma ya rage maka kuɗi. Tun da abinci mai maiƙo babu shi a wurin, tunkuza tana aiki nan fiye da ko'ina.

Ruwa da shimfiɗa

Akwai abubuwa biyu da mutane ba su cika tunawa da su ba.

Na farko ruwa. Da bazara, Komadugu ya ƙafe, ɗaki ya yi zafi, baƙin ɓera ƙishirwa ta fi damunsa da yunwa. Ɗan yankan kankana, ko tumatir, ko ɗanyen dankali, a soke shi a harshen tarko da magariba, ya fi kowace gyaɗa. Amma sai ka rufe randa da tulu, ka kifar da kwanon ruwan kaji da dare. In ka bar masa ruwa a fili, ba ya bukatar naka.

Na biyu shimfiɗa, wato dabarar masu gidan tarihi. Ɗebi kaɗa kamar kan ɗan yatsa, ko guntun zare mai laushi, ka ɗaure a harshen tarko. Macen da ta kusa haihuwa za ta zo ta ja, tarko ya tashi. Lokacin ɗari ya fi yi. Kaɗa ba ta ruɓewa, ba ta bushewa, tururuwa ba ta ɗaukarta, kuma wadda take kamawa ita ce uwar gidan gaba ɗaya. A ganina wannan dabara ta fi cancanta a yaɗa ta a ƙauyukanmu, domin ba ta cin ko dala.

Tururuwa da zafi su ne abokan gabar tunkuza a ƙasarmu. In ka ɗana da rana, kafin dare tururuwa ta share, ko rana ta busar. Ka ɗana da magariba, ka duba da asuba. Abincin da ya kwana biyu, kankare shi ka sa sabo. In tururuwa ta matsa, zagaye tarkon da toka.

Bari ɓera ya zaɓa da kansa

Ɓeran gidanka ba lalle ne ya so abin da na gidan maƙwabcinka yake so ba. Gwada shi. Sami tarko uku, kada ka ɗana su. Ɗaya ka sa tunkuza da daddawa, ɗaya dabino ko kankana, ɗaya kaɗa. Jera su a hanyar da toka ta nuna maka. Da safe ka ga wanda aka taɓa, ka rubuta. Ka sake haka dare biyu ko uku. Riba biyu ka ci: ka san abin da yake so, baƙin ɓera mai wayo kuma ya saba da tarkon, ya daina tsoronsa. A dare na huɗu sai ka ɗana duka da abin da ya zaɓa.

Wurin ajiye tarko ma yana da muhimmanci kamar abincin. Ɓera ba ya ratsa tsakar ɗaki, bango yake bi yana goga gashin bakinsa. Sa tarko ya tokari bango, bakin da ke da abinci yana fuskantar bangon. Na baƙin ɓera, ɗaure wasu a kan azara. Na ƙaramin ɓera, kusa da juna, taku biyu ko uku tsakani. Tarko ɗaya a mangaza wasa ne. Gara tarko 10 na dare uku da tarko ɗaya na wata guda, domin daren farko ne aka fi kamu. In kuɗi ba su kai ba, ku haɗa tarkunanku ku biyar ko shida, ku bi gida gida. In ma unguwa duka za ta yi a sati ɗaya ya fi, don ɓera bai san iyakar katanga ba.

Kada ka taɓa abincin tarko da hannun da ya taɓa kananzir, ko fetur na injin ban ruwa, ko taba, ko maganin feshi. Warinsu yana korarsa.

Wanda ba shi da tarkon ƙarfe, tsohuwar dabara tana nan. A binne tsohon tulu ko bokiti har baki, a zuba ruwa rabi, a barbaɗa dusa ta rufe ruwan, a shafa tunkuza a cikin wuyansa daga ƙasa kaɗan. Sai dai a rufe shi da rana saboda yara da ƴan tsaki.

Maganar guba

Ana tallar baƙar hoda mai warin tafarnuwa, da wasu ƙwayoyi masu launi, a leda ba suna ba takarda. Baƙar hodar tana kashe ɓera, tana kuma kashe kaza, da akuya, da yaro. Ɓeran da ya ɗanɗana kaɗan bai mutu ba, ba zai sake kusantar abincin ba. Masu launin kuwa sai bayan kwanaki suke kashewa, a tsakanin nan ɓera yana yawo a kan hatsinka, kyanwa ko mujiya ta cinye shi ita ma ta tafi. Mujiya kuwa, duk da abin da ake faɗa a kanta, ɓeraye take ci kowane dare. Ƙwayar nan da ake sa wa buhu don ƙwari, mai fitar da iska mai guba, ba ta ɗakin kwana ba ce sam, ta hallaka mutane a cikin barci. In ɓarna ta fi ƙarfin tarko, je ka ga malamin gona ko ma'aikatan kare tsirrai, su ne suka san magani da ƙa'idarsa.

Bayan kamu

Kada ka ɗauki mataccen ɓera da hannu tsirara, kada kuma ka ba yara su yi wasa da shi ko su gasa. Zazzaɓin Lasa ya samo sunansa daga garin Lasa na ƙasar Barno, inda aka fara gane shi a 1969, kuma ɓera mai nonuwa da yawa ne yake yaɗa shi ta fitsari da kashi. A lambunan bakin kogi na Yamai ma an sami wata ƙwayar cuta a jikin ɓeran ciyawa, wadda ke bin fitsarinsa ta shiga ruwan ban ruwa. Sa hannunka cikin leda, ka ɗauke shi, ka binne a rami mai zurfin kamu ɗaya, ka wanke hannu da sabulu. Ke kuma uwargida, kafin ki share kashin ɓera, yayyafa ruwa da ɗan jabel, kada ƙurar ta shiga hancinki.

Tarko yana rage na ciki ne kawai. Toshe ramuka da laka da aka cuɗa da fasassun kwalabe, ko siminti. Ɗora buhuna a kan katako, ka bar hanya tsakaninsu da bango yadda za ka zagaya. Share ciyawa da tarkace daga gindin rumbu. Irin shuka kuwa, na tattasai da na albasa da na shinkafa, a sa shi a gwangwani ko duro mai murfi.

Kai ma kana da naka ɗakin tarihi, ko da akwati ɗaya ne. Alƙur'anin kakanka rubutun hannu irin na Barno a cikin gafakarsa, alkyabba, takardar gona, takardun haihuwar yara, da takardar shaidar da aka ba ka a ajin yaƙi da jahilci. A wannan ɗaki ka bi ƙa'idar masu gidan tarihi sak: ba guba, ba kifi, ba a cin abinci a ciki. Tarko biyu a gindin bango, da kaɗa a bakinsu. Littattafai su shiga akwatin ƙarfe, a ɗora shi a kan tubali, a buɗe a duba kowane wata.

Sami ɗan littafi ka ja layi huɗu: ranar wata, wurin da tarko yake, abin da ka sa, da abin da ka kama. In tarko ya kwana uku bai kama ba, matsa shi wani bango ko ka canja abincin. In malamin gona ya zo zagaye, nuna masa littafin, ko ka aiko mana da abin da ka gani mu karanta wa sauran manoma a rediyo.